Rijiya ta Kowa, Igiya Tawa

Ƙarfe biyu da kwata na dare a Sheffield.
Ruwa na ƙwanƙwasa taga kamar mai bin bashi,
shayina ya daɗe da hucewa,
sai ga waya: Misis Hargreaves, mai gidan burodi a Hillsborough.
Manhaja ta ƙi buɗe littafin oda,
ga tanda ta ɗau zafi, ga motoci za su iso da biyar.
Na ce ta ci gaba da kwaɓi, ga ni nan tafe,
ba da ƙafa ba.

Gidan da nake shiga ba ni na gina ba.
Wani malamin lissafi ne ya haƙa harsashi,
ban taɓa ganin fuskarsa ba, sai rubutunsa.
Ya kafa ƙyaure bai sa sakata ba,
ya liƙa takarda a bakin zaure:
shigo, ɗauka, kwafa, gyara,
ka sayar ma in ka sami mai saye,
amma abin da ka gyara kar ka kulle a adaka,
sunan waɗanda suka riga ka kuma, kar ka goge.
Lasisin ke nan, bai fi tafin hannu ba.

Sai aka yi gayya.
Wata a Nairobi ta ja ɗakin haraji,
wani a Lahore ya kafa rumbu,
wani ya zo ya gyara indararo kawai, ya tafi abinsa.
Nawa ɗan shago ne na masu toya:
yana ƙirga fulawa, yis da man shanu,
ya raɗa maka buhu nawa ya saura.
Ka jona in kana so, ka cire in ka gaji,
katanga ba za ta ko tsage ba.

Kawu Sallau ya kira daga Gusau ranar Lahadi.
Ya ce, Hansatu, wata takwas kina saƙa,
kin shimfiɗa a titi kowa ya kwasa?
A Ingila da godiya ake biyan haya?
Na ce, Kawu, rijiyar unguwa ta kowa ce,
mai ƙarfi ya zura guga ya sha.
Amma wadda hannunta ke cikin ƙulli da tsakar dare
tana neman mai igiya a kusa.
Fam arba'in a wata, in ta kira in amsa.
Ya yi jim, ya ce, ashe ga-ruwa kika je yi a Turai.
Muka yi ta dariya har kuɗin wayarsa ya ƙare.

Ban gaya masa na kamfanin Landan ba,
da suka ɗauke shagona ɗungurungum,
suka shafa masa shuɗin fenti, suka kankare sunana.
Na rubuta wasiƙa uku. Lauya ya faɗi farashinsa,
na haɗiye yawu.
Ban gaya masa masu aiko da faɗa ba,
ba su ba da ko sisi ba, suna so a gyara jiya.

Uku saura minti goma na kama ɓarawon.
Daren nan aka mai da agogo baya,
ƙarfe ɗaya ta zo sau biyu,
manhaja ta ga baƙo ɗaya da fuska biyu, ta rufe ƙofa.
Layi huɗu na canza.
Hargreaves ta ce ya buɗe, ta kashe waya ba sallama,
burodi ba ya jiran gaisuwa.

Gyaran na mayar da shi rijiya.
Wani mai tanda a garin da ban san sunansa ba
zai tashi anjima ya tarar da komai daidai,
bai san an yi ɓari ba, balle wa ya kwashe.

Da hantsi na buɗe ƙofa:
mulmule biyu a takarda, har yanzu da ɗumi,
ruwan sama ya ɗan taɓa gefen ɗaya.
Shi na fara ci.